Ina son in sauya agogon babur, Yaya ya ce kada a taɓa

Assalamu alaikum. Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi wani babban babur na hannu, irin na doguwar tafiya, wanda iska ce ke sanyaya injinsa. Shi ya zuba kaso mafi tsoka, amma ni na fi hawa, shi sai jefi-jefi. A allon gaban babur ɗin akwai ƙananan agoguna, ɗaya a cikinsu yana nuna zafin iskar waje. Ban ga amfaninsa ba, domin in na tsaya a cunkoso allurar sai ta haye, in na kama hanya ta sauko, alhali yanayin gari bai sauya ba. Ina so in cire shi in sa na zafin baƙin mai a gurbinsa. Dalilina shi ne babur ɗina na farko injinsa ya buga a tsakiyar hanya ba tare da na ga wata alama ba, kuma har yau in na ji hucin inji a ƙafafuna sai gabana ya faɗi. Da na gaya wa Yaya sai ya ce kada a taɓa, yadda kamfani ya ƙera shi haka za a bar shi, wai da hannuna zan kashe babur ɗin. Makanikinmu kuma dariya ya yi, ya ce barci kawai agogon zai hana ni. Ni kuwa na riga na sayo agogon da sensarsa na ɓoye, Yaya bai sani ba. Wani abokina ya ce in sa a ɗaura kawai, in Yaya ya gani ya yi faɗansa ya gama. Raina ya sosu, gani nake har yanzu kallon yaro ake yi mini. Sauyin nan yana da amfani ko tsoro ne ke ruɗa ta? Kuma yaya zan yi da Yaya? Daga wani mai karatu.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali: abin da kake son yi ba shirme ba ne, kuma ba kai ka fara tunaninsa ba. Manyan baburan tafiya na Harley-Davidson, irin su Electra Glide da Road Glide, a da sun yi shekaru suna fitowa da agogon zafin iska a allon gaba, kuma masu su da yawa sun cire shi sun sa na baƙin mai, har kamfanin da kansa ya riƙa sayar da agogon da ke shiga wannan gurbin. Abin da ka lura da shi game da allurar ma gaskiya ne. Sensar da ke jin zafin iska tana zaune ne a cikin murfin gaba, inda rana ke dukan sa kuma hucin inji ke tasowa ya taru in babur na tsaye. Shi ya sa in ka tsaya take ba ka zafin cikin murfin, sai ka yi ɗan nisa iska ta ratsa sannan ta dawo kusa da gaskiya. Ido ne ka sa ka gani, wannan kuwa ba halin yaro ba ne.

Sai dai akwai wani abu a wasiƙarka da ya fi jan hankalina, wato injin da ya buga maka a baya. Wanda inji ya taɓa mutuwa a ƙarƙashinsa yana cikin gudu ba ya mantawa da sauri, kuma ban ga laifinka ba da gabanka ke faɗuwa. Amma dole in gaya maka gaskiya: babu tabbacin cewa agogon zafin mai zai ceci wancan injin. Sau da yawa abin da ke buga inji shi ne mai ya yi ƙasa, ko famfon mai ya gaza tura shi zuwa inda ake buƙata, kuma wannan ɓarna tana iya aukuwa cikin daƙiƙu, tun kafin allurar zafi ta motsa. Abin da ya fi haka ban tsoro, in mai ya ragu har ya bar kan sensar a fili, agogon yana iya nuna maka lamba mai kyau alhali inji na cin kansa. Masu gadin injinka na gaskiya su ne sandar gejin mai da kake zarowa ka duba kafin ka tashi, da jar fitilar matsin mai da ke allon gaba. In wannan fitila ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe inji nan take, ko me agogon zafi yake cewa.

To me agogon zai yi maka? Zai koya maka halin injinka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a injin da ba shi da lagireto. A irin wannan inji baƙin mai aiki biyu yake yi, yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma kwaso zafi daga cikin inji. Mutane da yawa sun ɗauka mai mai sanyi shi ne lafiya, ba haka ba ne. Mai yana buƙatar ya kai wajen digiri 90 zuwa 100 na Salshiyas kafin ya kore damshi da ɗigon fetur da ke taruwa a cikinsa, shi ya sa babur ɗin da kullum gajeruwar tafiya yake yi mansa ke saurin lalacewa. Ko lambar da ke jikin galan, kamar 50 ɗin da ke cikin 20W-50, a digiri 100 ake auna ta. Ganin 100 zuwa 110 a babban injin da iska ke sanyayawa abu ne na yau da kullum, littattafan gyaran injin Twin Cam na Harley ma digiri 110 suka kira zafin aiki. In aka wuce 120 aka daɗe a can, baƙin mai na yau da kullum yana fara tsufa da wuri, yana tsinkewa, shi kuwa man sintetik, wato wanda aka haɗa ta hanyar kimiyya, ya fi shi juriya sosai. Allura ta doshi 140 ko 150, wannan lokacin tsayawa ne. Waɗannan lambobin jagora ne kawai, littafin babur ɗinku shi ke da magana ta ƙarshe. Ka kuma duba ko agogon da ka saya da Faranhait yake ƙirga, domin 212 a can shi ne 100 a nan, 230 shi ne 110, 250 kuma wajen 121. Mutum yana iya ganin 230 hankalinsa ya tashi alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma abin da agogon ba zai iya ba. Mai yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakin sa, kamar rairayin da ke riƙe da zafi bayan rana ta faɗi. Kan silinda kuwa, inda wuta ke ci, ya fi mai zafi nesa ba kusa ba, kuma cikin 'yan mintuna yake hawa in ka tsaya cak a cunkoso. Saboda haka abin da agogon ke ba ka labarin abin da ya taru ne a hankali, ba ƙararrawar gaggawa ba. Amfaninsa yana cikin kwatanci. In ka san cewa a hanyar da ka saba bi, da kayan da ka saba ɗauka, allurar tana zama a wuri kaza, ranar da ta haura da digiri 15 ko 20 ba tare da dalili ba ka san akwai abin dubawa: ko mai ya ragu, ko laka da ƙura sun toshe haƙarƙarin silinda, ko fetur ɗin da ke shiga ya yi kaɗan a kan iska, ko birki na kamawa. Hucin da kake ji a ƙafafunka kuwa ba lallai alamar ciwo ba ce. Injin da iska ke sanyayawa ta nan yake fitar da zafinsa, aikinsa yake yi.

Yanzu ka ga inda maganar makanikinku ta dosa. Dariyarsa ta yi maka ciwo, kuma da ya yi maka bayani ya fi kyau, amma a ƙarƙashin dariyar akwai abin da ya sani. Ya ga masu babur da suka sa agogon nan suka koma kallon allura maimakon kallon titi, suna zuwa gareji kullum saboda lambar da ba ta da wata matsala. Ga mutumin da tsoro ya riga ya zauna masa, wannan haɗari ne na gaske, kuma ina so ka tambayi kanka tsakani da Allah: in ka ga 115 a rana mai zafi, za ka iya ci gaba da tafiyarka cikin natsuwa? In amsar e ce, agogon zai zame maka magani, domin zai maye gurbin zato da sani. In kuwa kowane motsin allura zai sa ka taka birki, to ka fara gyara wannan tukuna. Ka koma wurin makanikin a lokacin da ba shi da cunkoson aiki, ka ce masa ba gardama ka zo ba, so kake ya nuna maka zafin da ya saba gani a irin injinku da kuma inda ya dace a ɗaura sensa. Mai sana'a in an tambaye shi a kan abin da ya ƙware, da wuya ya yi rowar sani.

Sai Yaya. A nan ne zan ɗan ja maka kunne, ɗan'uwa, cikin ƙauna. Shawarar abokinka ka ajiye ta gefe. Babur ɗin nan ba naka ne kai kaɗai ba, kuma ko da kai ka zuba kaso mafi yawa, abin da aka haɗa hannu aka saya ba a sauya masa kama a bayan idon ɗaya. In ka ɗaura a ɓoye, ranar da ya gani ba agogo zai gani ba, zai ga cewa maganarsa ba ta da nauyi a wurinka. Daga ranar kuma duk abin da ya sami babur ɗin, ko taya ce ta yi faci, agogon za a ɗora wa laifi, kai kuma ba ka da bakin kare kanka. Ka kuma duba ta ɓangarensa. Mutum ne da ya zuba kuɗi mai yawa a abin da ba ya hawa kullum, ba ya ganin yadda ake sarrafa shi, kuma ya san ƙaninsa ya taɓa rasa inji. Da ya ce a bar shi yadda kamfani ya ƙera, ina jin abin da yake nufi shi ne kada a yanka waya, kada a huda inji, kada darajar babur ta faɗi ranar da za a sayar. Tsoronsa da naka tushensu ɗaya ne, dukanku gudun asarar injin kuke yi. Maganar da ya yi cewa da hannunka za ka kashe shi ta yi kaushi, kuma kana da haƙƙin gaya masa ta sosa maka rai, amma ba rana ɗaya da maganar agogo ba, don kada biyun su cakuɗe.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka fito da agogon daga maɓoyarsa ka kai masa da hannunka. Ka ce, Yaya, na yi gaggawa na saya kafin mu gama magana, ga shi nan, ba zan ɗaura ba sai ka yarda. Sannan ka gaya masa abin da ka gaya mini, wato yadda gabanka ke faɗuwa tun ranar da wancan injin ya buga. Ina kyautata zaton bai san girman abin a zuciyarka ba, domin mu maza mun iya kawo hujjar ƙarfe da waya mu ɓoye ta zuciya. Bayan haka ka amsa tsoronsa ɗaya bayan ɗaya: ba za a yanka wayar asali ba, ba za a huda komai ba, tsohon agogon da sensarsa za a naɗe a ajiye, duk ranar da ya ce a mayar za a mayar, kuma kuɗin aikin daga aljihunka. Ka tambaye shi ma ko shi yana amfani da agogon iskar. Kada ka raina wannan tambaya. Mai tafiya a wuri mai tsananin sanyi yana duba shi don ya san ko titi na iya yin ƙanƙara in an doshi digiri 3, mai ratsa wuri mai tsananin zafi kuma yana so ya san lokacin da iska ta wuce zafin jikin mutum, digiri 37, domin daga nan iskar da ke dukan ka ƙara maka zafi take yi. In yana son sa, ƙaramin ma'aunin iska da ake maƙalawa a kan hannun babur zai biya masa buƙata.

In ya amince, to a yi aikin da kyau, domin aikin ganganci shi ne zai gaskata maganarsa. Abu na farko, agogo da sensa dole su zama 'yan gida ɗaya. Sensar tana aiki ne ta hanyar sauya yadda take barin lantarki ya wuce gwargwadon zafi, kuma kowane agogo da irin lissafin da aka saita shi a kai. In aka haɗa sabon agogo da tsohuwar sensar iska, ko sensar wani kamfani dabam, allura za ta motsa amma ƙarya za ta riƙa yi. Kafin a ɗaura komai, ku haɗa su da batir a kan tebur, ku tsoma kan sensar cikin ruwan da ke tafasa. Ya kamata ka ga kusan 100, ko ƙasa kaɗan in kuna wuri mai tudu sosai. Ka sa Yaya ya tsaya a wurin wannan gwaji, ganin ido ya fi dogon bayani. Ku kuma auna ramin allon, domin yawancin ƙananan agogunan kasuwa milimita 52 ne, kuma ba kowane gurbi ne daidai da su ba.

Wurin da za a ɗaura sensar shi ne zuciyar aikin. Wasu injuna suna da toshe na musamman a jikin kaskon mai na ƙasa wanda ake kwancewa a sa ta, wannan shi ya fi. Wasu kuma sai a maye gurbin notin juye da mai sensa a jiki, amma in zai leƙo ƙasa inda dutse ko tudun titi zai iya dukan sa, ban yarda da shi ba, domin in ya karye man gaba ɗaya zai zube a gaban tayar baya. A tabbatar zaren sensar, wato tsagin jikinta da ake murzawa a ɗaure ta, ya dace da na ramin. Zaren 1/8 NPT da M10x1 suna kama da juna a ido amma ba ɗaya ba ne, kuma kaskon alminiyam ba ya yafe tilas, ɗaurin ƙarfi ɗaya ya isa ya cinye zaren ko ya tsaga shi. In sensar mai waya ɗaya ce, ta jikin zarenta take samun hanyar komawar lantarki, don haka kada a lafta mata farin tef har ya raba ta da ƙarfe. A haɗa aikin da ranar juye, tunda dole mai ya fita. A cire wayar batir ta negatif kafin a taɓa komai, a ɗauko wuta daga layin da ke mutuwa in an kashe makulli kuma mai fis, a bi da wayar nesa da salansa a ɗaure ta kada ta goga da wani abu. In babur ɗinku mai kwamfuta ne, a kula kada a taɓa sensar da ke auna iskar da inji ke shaƙa, ita dabam ce da ta agogon allo, kuma cire ta zai rikita tafiyar injin. Bayan an gama a tayar da shi ya yi zafi, a leƙa ƙasa a duba yoyo, a sake dubawa washegari.

In kuma Yaya ya ce a'a, duniya ba ta ƙare ba, kuma kada ka mayar da abin gaba. Ana sayar da murfin ramin zuba mai da ke ɗauke da ma'aunin zafi a kansa, ka kwance na asali ka sa shi, babu waya babu huji, in an ga dama a cire shi cikin minti ɗaya. Ba za ka iya karanta shi kana gudu ba, sai ka tsaya, kuma ga mai irin damuwarka wannan alheri ne. Akwai kuma ƙaramar na'urar hannu da ake nuna wa ƙarfe ta faɗi zafinsa daga nesa, wadda za ta ba ka kimanin zafin kaskon mai da na kan silinda in ka riƙa auna wuri ɗaya kowane lokaci. Da wuya Yaya ya ƙi ɗayan biyun nan. Ina ma ganin da su ya kamata ka fara, ko da ya yarda da agogon. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani bayan doguwar tafiya, bayan cunkoso, da kaya da babu kaya, har tsawon wata guda. In lambobin suna zaune tsakanin 90 da 115, ka nuna masa ku duka ku huta, wataƙila ma ka ji agogon ya fita ranka. In kuwa suna yawan haura 125, to ka zo masa da hujjar da ba ta tsaya kan agogo ba, sai ku zauna da makaniki a binciki dalili, a duba ko za a koma man sintetik irin wanda littafin ya yarda da shi, ko a ƙara na'urar sanyaya mai wadda ke da bawul mai buɗewa sai mai ya yi zafi.

Kafin duk wannan ya tabbata, ka riƙe abin da ke hannunka tun gobe da safe. Ka duba gejin mai kafin ka tashi, yadda littafin ya ce a duba shi. Ka yi juye a kan lokaci, ka wanke haƙarƙarin silinda in inji ya huce. In cunkoso ya tsaya cak ka kashe injin maimakon ka bar shi yana ci babu iska, kuma komai zafin da ya yi kada ka watsa masa ruwan sanyi, domin ƙarfe mai zafi yana iya lanƙwasa ko ya tsage. Allah ya daidaita tsakaninka da Yaya, ya kuma tsare hanya. In kun yi maganar, ka rubuto mini yadda ta kaya da lambobin da ka tara, mu duba su tare.